Yaro Mai Tatata a Legas: Tambayoyi da Amsoshi kan Damina, Zafi da Hunturu

Wannan shafi na iyayen yaro ne ɗan shekara 1 zuwa 3, wanda ya fara tafiya ya daina yarda da zama wuri ɗaya, kuma suna zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago, Obalende ko wata unguwar Legas. Yawancin dabarun reno da aka zo da su daga Arewa an gina su ne a kan busasshiyar iska da sanyin hunturu. Legas kuwa garin ruwa ne da gumi, don haka wasu dabarun sai an sauya musu fasali.

Lokutan shekara a Legas daidai suke da na gida?

A'a. A Kano ko Sakkwato damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara rani. A Legas ruwa yakan kankama a Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Hunturu yana zuwa a Disamba da Janairu, amma kafin iskar ta iso bakin teku ta gaji: hazo ne da ƙura da bushewar leɓe, ba sanyin da ke hana wankan safe ba. Zafi ya fi tsanani daga Fabrairu zuwa Afrilu. Ma'auni ba ya kai 40 irin na Maiduguri, yawanci 32 zuwa 34 ne da rana, sai dai iskar cike take da danshi, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Watannin da rana ta fi sauƙi a Legas su ne Yuli da Agusta, ba Disamba ba.

Sau nawa ya kamata a fitar da shi, kuma da wane lokaci?

Kullum. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro a wannan shekaru yana bukatar aƙalla minti 180, wato awa 3, na motsa jiki a rarrabe cikin yini. Ba sai an je wani wuri ba: zagayen tsakar gida, tura kujera, ɗiban ƙasa da gwangwani, rakiya zuwa shagon unguwa, duk suna cikin lissafi. Jagorar ta kuma ce kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da awa guda a jere, kuma goyo yana ciki. Uwa mai sana'a ko mai aikin gida ta riƙa sauke shi yana taka ƙasa. Kallon waya kuwa, ɗan shekara 1 ba shi da rabo, ɗan shekara 2 kada ya wuce awa ɗaya.

Lokaci mai kyau shi ne daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, sai bayan La'asar. Tsakanin 11 da 3 a zauna a inuwa. Tsofaffi kan hana barin yaro a waje da almuru, kuma sauro ma a lokacin yake fara fitowa, don haka a shigo kafin kiran Magariba.

Kakarsa ta ce a riƙa sa masa hula da safa da rigar sanyi kada sanyi ya shige shi. A bi?

A Jos ko Zariya cikin Janairu, Hajiya ta yi gaskiya. A Legas wannan shigar ita ce uwar ƙurajen zafi. Gumi yana taruwa, ƙofofinsa su toshe, sai ƙananan ƙuraje ja su feso a wuya, baya, ƙirji da matsematsi, yaro ya yi ta susa da rigima da dare.

Kada a auna sanyin yaro da tafin hannunsa ko ƙafarsa, domin sukan yi sanyi ko yana lafiya lau. A taɓa bayan wuyansa: in da ɗumi kuma a bushe, kayan sun isa, in da gumi, a rage. Riga ɗaya ta auduga mai sakin jiki ta wadatar yawancin shekara. A ajiye mai dogon hannu guda ɗaya don daren Agusta da safiyar hunturu.

In ƙurajen sun riga sun fito, a yi masa wanka sau 2 ko 3 a yini da ruwan da bai da zafi, sabulu sau ɗaya kawai. A tsane jikin da tawul ba tare da gurzawa ba, a bar shi ya sha iska, a cire famfas na wasu awoyi da rana. Man shafawa mai kauri yana ƙara toshe fata. Hoda kuma takan cure da gumi a lungun wuya, yaro ya shaƙi ƙurarta. Ruwan kalamin ya fi dacewa. Abin da za a guje wa ƙwarai shi ne mayukan kemis da ake haɗawa da man shafawar yaro wai don fata ta yi kyau: yawancinsu na da sinadarin sitiroid, yana sa fata ta yi siriri, makero kuma ya bazu. In ƙurajen sun yi mugunya ko zazzaɓi ya biyo baya, sai asibiti.

In ruwan sama ya taɓa shi zai yi zazzaɓi?

Ruwan sama ba ya kawo zazzaɓin cizon sauro, mura kuma ƙwayar cuta ce da ake ɗauka daga wani. In ya jiƙe, a cire kayan, a goge shi, a ba shi abu mai ɗumi, shi ke nan.

Haɗarin damina a Legas yana ƙasa ne, ba sama ba. Idan kwata ta cika ta tumbatsa, ruwan da ke kwance a layi haɗe yake da na masai. Yaro ya taka, ya sa hannu, hannun ya tafi baki. Ta haka gudawa da taifod da kwalara ke shiga gida, kamar ɓarkewar kwalarar da aka yi a Legas a Yunin 2024. A hana shi wasa a ruwan layi ko kaɗan. In ya shiga, a wanke ƙafa da hannu da sabulu nan take, a duba ko akwai yanka.

Na biyu shi ne nutsewa, kuma ba a teku ta fi faruwa ba. Kan yaro mai tatata yana da nauyi sosai in an kwatanta da girman jikinsa. In ya leƙa bokiti ya kifa, ba ya iya ɗagowa, kuma ba ya ihu. Ruwa mai zurfin yatsa ɗaya ya isa. A gidan haya mai ɗakuna a jere, inda kowa ke tarar ruwan sama a baho da bokiti da duro, a yi magana da maƙwabta: ko a rufe da murfi mai nauyi, ko a kife bayan an gama. Rijiya da ramin sokawe a tabbatar murfinsu ba ya ɗaguwa da hannun yaro. Ranar da layi ya shafe da ruwa har ba a gane bakin kwata, ba ranar fita da yaro ba ce, ko a goye. In ruwa ya fara shigowa ɗaki, a fara kashe wuta daga babban makunni kafin a taɓa komai.

Me ya fi maganin sauro?

Gidan sauro mai magani, kowane dare, har da barcin rana in ɗakin mai duhu ne. Sabo a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a kwana a ciki, in ba haka ba yana sa ƙaiƙayin fuska. A tusa gefensa ƙarƙashin katifa ko tabarma, a ɗinke duk huji. Masu cewa yana hana iska su kunna fanka daga waje.

Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne, saboda haka zubar da ruwan tsofaffin tayoyi, gwangwanaye da robobi sau ɗaya a mako yana yanke musu zuri'a. Maganin fesawa a fesa yaro ba ya ɗakin, a rufe, sannan a buɗe tagogi ɗakin ya sha iska kafin a shigo da shi. Maganin kunnawa kada ya kwana yana hayaƙi a rufaffen ɗaki. Sniper da otapiapia guba ne na gona, ba na ɗakin kwana ba. Ɗura su a kwalbar lemo ko ruwa kuwa ganganci ne, domin yaro bai san bambanci ba. Man shafawa mai korar sauro wanda sinadarin DEET da ke cikinsa bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba ya halatta, ban da hannu da kewayen ido da baki.

Jikinsa ya yi zafi. In sayo maganin maleriya a kemis?

A fara aunawa. Ma'aunin zafi bai da tsada, kuma 38 zuwa sama shi ne zazzaɓi. Sannan a yi gwajin jini, na yatsa da ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20. Legas tana cikin jihohin da maleriya ta fi ƙaranci a tsakanin yara a Najeriya, don haka zafin jiki da yawa a nan na mura ne, ko kunne, ko maƙogwaro, ko fitsari. Wanda ya ɗura maganin maleriya ba gwaji, ya bar ainihin ciwon yana ci.

In gwaji ya nuna akwai, maganin maleriya da ake kira ACT na kwana 3 ne, kuma a gama shi ko da yaro ya warware a rana ta biyu. A ba shi bayan ya sha nono ko madara; in ya amayar cikin minti 30, a sake. Farasitamol da nauyi ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo. Yaro mai kilo 10, in ruwan maganin 120mg/5ml ne, mil 5 ya ishe shi, kuma kada a wuce sau 4 a awa 24. A yi amfani da murfin awo ko sirinji, ba cokalin shayi ba. Ban da asfirin.

A tafi asibiti ba jira in ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da komai, ko barci ya danne shi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa ya kai 40 a minti yana kwance shiru, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa. In ya fara jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura komai, kada a kara ƙafarsa a wuta. A yi addu'a a kan hanyar asibiti. Lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767. Akwai asibitin yara na Massey a tsibirin Legas, asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, da babban asibitin Orile-Agege.

Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari?

Na leda, wato ORS, shi ne mafi kyau. A duba jikin ledar: in ta lita 1 ce, ledar ruwan fiya wata guda biyu masu santilita 50 su ne awon. A juye ledar gaba ɗaya, kada a raba da ido, domin in gishiri ya yi yawa yana cutarwa. Bayan kowane zawo, wanda bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'in kofi zuwa rabi, mil 50 zuwa 100. Wanda ya haura a ninka. Da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana awa 24 a zubar. A haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14. In babu na leda: lita 1 na tsabtataccen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin cokali.

Nono da abinci kada a tsayar. Kuma a daina cewa haƙori ne. Fitar haƙori ba ya sa zawo mai yawa, abin da yaro ke ta kaiwa baki ne ke sawa. Jini a kashi, zurmawar ido, ko zawo kamar ruwan shinkafa, na asibiti ne nan take.

Da hunturu fa?

Nan ne man kaɗanya da baselin suke da rana. A shafa da zarar an fito wanka, jiki da sauran danshi, har leɓe da dunduniya. Ƙurar ɗaki a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara yaro na zaune. Hancin da ya toshe a ɗiga masa ruwan gishirin hanci na kemis. Man zafi da kafur kada su kusanci hancinsa. In ya yi haɓo, a zaunar da shi ya ɗan sunkuya gaba, a matse tattausan hancin minti 10. Ɗaga kai sama yana sa ya haɗiye jini ne kawai. Takunkumi ba na ɗan ƙasa da shekara 2 ba ne. Ranar da hazo ya yi kauri a rage fita, musamman mai asma.

In ciwon ido na Apolo ya shigo gida, kowa da tawul ɗinsa, a goge idon da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce. Ban da ɗiga nono ko ruwan sukari. Kwalli ma a bar shi, domin yawancinsa na da dalma.

Ana ruwa, za a iya shigo da janareta baranda?

A'a. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana kashe mutane cikin barci, kuma yaro ta fara kamawa. A yi masa rumfa a waje, nesa da taga da ƙofa, bakin hayaƙin ya juya wa gida baya.

Ina za a kai shi ya yi gudu? Bakin teku ya dace?

Ga mazauna Agege da kewaye, wuraren shaƙatawa na Ndubuisi Kanu da Johnson Jakande Tinubu da ke Alausa a Ikeja sun fi kusa, kuma akwai ciyawa. Na tsibiri suna da Freedom Park, tsohon kurkukun titin Broad, da Muri Okunola a Victoria Island. Da safe a ranar aiki ya fi, kafin cunkoso. A taɓa ƙarfen lilo da na sulu da bayan hannu kafin a ɗora shi, rana na gasa su. Gandun Lekki Conservation Centre, wanda aka kafa a 1990, yana da kyau amma tafiyar katakonsa doguwa ce, za a ƙare da goyo. Gadar samansa mai tsawon mita 401 ba ta ƙananan yara ba ce, birai kuma suna fizgar abinci daga hannu.

Teku kuwa a ji tsoronsa. Igiyar Atlantika a gaɓar Legas tana da ƙarfi, tana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafar babba ma, kuma da damina ta fi hauka. Yaro ya yi wasansa a busasshen yashi can baya, babba ɗaya ya zama ba shi da aiki sai kallonsa, kusa yadda hannu zai kai. Taron dangi shi ne mafi haɗari, kowa na zaton wani na kula. Tarkwa Bay ruwansa ya fi kwanciya, amma sai da jirgin ruwa. In babu rigar ceto daidai jikin yaro, a fasa.

Wani ƙurji ya fito masa kamar maruru, aka ce tsutsa ce a ciki. Daga ina?

Daga shanya. Akwai wani ƙuda a ƙasashen danshi da ke yin ƙwai a ƙasa mai fitsari da kan jiƙaƙƙun kaya, musamman waɗanda aka baza a ƙasa ko a inuwa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shige fata. A toshe bakin ƙurjin da baselin, rashin iska zai sa ta leƙo, ma'aikacin lafiya ya cire ta; matsewa da ƙarfi na iya fasa ta a ciki. Riga-kafin: shanya a igiya cikin rana, da guga ciki da waje, har zanin goyo. Takalmi kuma yana kare shi daga wata tsutsar da ke cikin yashin da karnuka da kyanwoyi suka ɓata. Maganin tsutsar ciki daga shekara 1 ake fara shi, duk wata 6.

Me za a ɗauka in za a fita, kuma wane abin hawa?

A Legas tafiyar minti 30 na iya zama awa 3, don haka a yi guzurin gosulo: ruwa, kaya na canji biyu, famfas, leda, ORS ɗaya, lema, da abincin da ba ya lalacewa. Kunu, koko da fura da nono suna saurin tsami a wannan zafi. Dafaffen abinci da ya wuce awa 2 a jaka kada a ba shi. Acaɓa da yaro a'a, ko an hana a unguwar ko ba a hana ba. A Keke a sa shi tsakiya. Bas ɗin BRT da jirgin ƙasa na Red Line, da ya fara aiki a 2024 yana bi ta Agege, Ikeja, Oshodi da Mushin zuwa Oyingbo, sun fi danfo sarari in an kauce wa lokacin tafiya aiki da tashi. A mota, kujerar baya, kuma kada a bar shi ciki a rufe ko na minti ɗaya.

'Ya'yan itatuwan lokaci, wanne zai ci?

Kusan duka: mangwaro, gwanda, kankana, lemo, ayaba. Matsalar shaƙewa ce. Agbalumo, da ke cika kasuwa da rani, ƙwallonsa santsi gare shi. A cire masa naman kawai. Haka dabino da azumi. Gyaɗa, aya, gugguru da gasasshiyar masarar damina a dakata da su, ko a niƙa. Inabi a tsaga shi huɗu ta tsawo. A zaune ake ci, ba a guje ba.

In ya shaƙe yana tari, a bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari da kuka, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da gindin tafi, sannan a rungume shi ta baya a matsa saman cibiya ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa wani na neman taimako. Kada a zura yatsa ana lalube.

Ranar Sallah fa?

Kafin a tafi filin Idi a rubuta lambar waya a takarda a maƙala cikin aljihunsa. Shadda da hula a ɗauki hoto, sannan a sauya masa mara nauyi. Rago ɗaurarre yana tunkuri daidai tsayin kan yaro. Wajen suya a ware masa mai riƙo. In ya ƙone, ruwan famfo mai gudana minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ban da man goge baki, ƙwai, manja ko gishiri.

Za mu je gida hutu. Me za a shirya?

A fara da katin riga-kafi: allurar ƙyanda, shawara da sanƙarau ta wata 9, da ƙyanda ta biyu a wata 15. Zafin bazara a Arewa shi ne lokacin sanƙarau da ƙyanda. In hunturu ne, yanzu hular Hajiya da safarta suka yi amfani, domin daren Kano kan sauka ƙasa da 15. Sai dai kaskon garwashi kada ya kwana a rufaffen ɗaki.

In damina ce, a tafi da gidan sauro, kada a dogara da na can. Yaron da ya tashi a Legas jikinsa bai saba da yawan cizon da 'yan uwansa na ƙauye suka saba da shi ba. A jihohin Arewa ana raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya wata-wata da damina. In zaman zai yi tsawo, a tambaya a asibitin unguwa. Ruwan sha a tafasa masa. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana sai bayan aƙalla mako guda da cizon, saboda haka in jikinsa ya yi zafi bayan an dawo Legas, a faɗa wa likita garin da aka je da ranar da aka dawo.